Ƙarfen Gaban A-kori-kura: Daga Maƙera zuwa Rumfar Walda

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Unguwar Rimi ta nufi Malali da sanyin safiya, a daidai lokacin da 'yan makaranta ke tururuwa a gefen titi, ma'aikata kuma suna haramar shiga gari, ba zai rasa cin karo da a-kori-kura ɗaya ko biyu ba, waɗanda aka kwance musu bambar da suka zo da ita daga kamfani, aka ɗaura musu wata ta baƙin ƙarfe, mai kauri, mai ƙahoni kamar na bajimin sa. Galibin mutane ba su kallon wannan ƙarfe sau biyu, domin ido ya saba da shi har ya zama tamkar wani sashe na halittar motar. Alhali kuwa, ga mai tsayawa ya yi nazari, yana da nasaba mai tsawo wadda ta girmi mota, ta girmi birnin Kaduna kansa, kuma yana ɗauke da wata mas'ala da magabata suka riga mu tattaunawa, wato in an yi garkuwa, wa take karewa, kuma a kan wa take mayar da dukan da ta kare.

Sanin ƙarfe daɗaɗɗen abu ne a wannan yanki namu. Masu binciken kayan tarihi sun tono matoyan tama a Taruga, cikin ƙasar da ake dangantawa da al'ummar Nok, waɗanda shekarunsu suka kai kimanin 2,500, garin Nok ɗin kuwa da aka ara wa al'ummar sunansa yana nan a ƙasar Jaba, kudancin Jihar Kaduna. Labarin da Kanawa suka gada ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama, suka zauna, har wurin ya zama gari. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka wayi gari kowace masarauta ta ƙasar Hausa tana da Sarkin Maƙera, sana'ar kuma ta rabu gida biyu, maƙeran baƙi masu garma da fartanya da gatari da takobi, da maƙeran fari masu munduwa da zobe da kayan adon doki. Malamai ma ba su raina ta ba, tun da yake akwai sura sukutum a Alƙur'ani mai girma da aka sa wa sunan ƙarfe, inda aka haɗa masa siffofi biyu a wuri guda, tsananin ƙarfi da kuma amfani ga mutane. Kuma Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda aka tausasa masa ƙarfe, sulke yake ƙerawa, aka umurce shi da ya kyautata gwargwado a cikin saƙarsa. Wannan umurni na gwargwado shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe, domin za mu sake bukatarsa.

Littafin Tarihin Kano ya ambata cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano. Abin lura a nan shi ne, mayaƙan wancan zamani, duk da kasancewarsu a tsakiyar maƙera, ba su lulluɓe dokinsu da ƙarfe ba. Sulke na jikin barde ne, don ya tare kaifin takobi. Doki kuwa lifidi aka yi masa, wato tufa mai ruɓi wadda aka cusa wa abu mai laushi aka ɗinke, don kibiya ta nutse a ciki ta rasa ƙarfinta kafin ta kai ga tsoka. Ashe ke nan tun shekaru 600 da suka wuce kakanninmu sun fahimci cewa kariya iri biyu ce: akwai wadda ke tsayawa ƙyam ta ƙi lanƙwasa, akwai kuma wadda ke yarda ta lotsa domin ta shanye dukan, kuma kowacce da muhallinta.

Zuwan Turawa ya sauya wa maƙeri ƙasar da yake tsaye a kanta. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, a 1917 kuma aka ɗauke hedkwatar lardunan Arewa daga Zungeru aka dawo da ita Kaduna, garin da dogo da bariki da ofis suka haifa. Tare da jirgi sai ga ƙarfe ya yawaita irin yadda ba a taɓa gani ba: guntayen dogo, da tsofaffin kusoshi, da gangunan mai, da tarkacen injuna. Mai haƙar tama, wanda kan kwashe kwanaki yana sarar itace da toya gawayi da gadin matoya kafin ya sami dunƙule guda, ya ga ba zai iya gasa da abin da ake tsinta a bakin tasha ba, sannu a hankali sana'arsa ta mutu. Amma maƙerin da ke zaune gaban uwar maƙera, da masabarsa da awartakinsa da yaron da ke masa zuga, shi bai mutu ba, ƙaruwa ma ya yi, domin ya gano cewa sifirin tsohuwar mota ya fi kowace tama yin gatari mai riƙe kaifi. Ta wannan ƙofa ce mota ta fara shiga maƙera, a matsayin gawa da ake cin gadonta, tun kafin ta shiga a matsayin majinyaciya da ake yi wa magani.

Da manyan motoci suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ana shigo da su da kai da shasi kawai, sai kafintoci su gina musu bodin katako, masu aikin ƙarfe kuma su ɗaure shi da maɗaurai, aka sami sabuwar sana'a a tsakanin ƙira da kanikanci. Wutar kabad da wutar lantarki suka maye gurbin zugazugi, sandar walda ta yi a cikin ɗan lokaci abin da masaba kan yini tana yi. Kaduna kuwa ta zama makarantar wannan aiki ba tare da an kafa mata allo ba: an buɗe makarantar koyon fasaha a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968; masaƙar farko ta fara aiki a Kakuri a 1957; ma'aikatar ƙera makamai ta tarayya ta biyo baya a 1964. Kowacce daga cikin waɗannan tana yaye mutanen da suka iya riƙe ƙarfe, wasunsu kuma, in sun bar aiki, sai su kafa rumfa a unguwa su tara yara.

Babban juyi ya zo a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot, wanda bakin Bahaushe ya mayar Fijo, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri. Zamanin kuɗin man fetur ne da ƙarin albashin Udoji, tashar jiragen ruwa ta Ikko kuma ta cushe da jiragen siminti, har ta kai ana ɗauko sassan motocin ta jirgin sama daga Liyon ta Faransa a sauke a Kano, sannan a kawo su Kaduna. Daga wannan ma'aikata ne 404, daga baya kuma 504, suka bazu cikin ƙasa, har da mai buɗaɗɗen baya, wadda ta zama jakin zamani: ita ce ta kwaso masara daga Saminaka, da citta daga Kachiya, da itace da gawayi daga hanyar Birnin Gwari, ita ce ke cika kasuwar Kawo ranar Talata. A cikin waɗannan shekaru ne Malali ma ta tashi daga zama gefen gari a bakin kogi ta zama unguwar ma'aikata, bayan an buɗe Kwalejin Gwamnatin Tarayya a 1973, aka gina rukunin gidajen gwamnati, ga kuma matatar ruwan da ke shayar da arewacin birnin. Bambar motocin wancan lokaci siririn ƙarfe ce mai ƙyalli, in ta lanƙwashe a miƙe ta, in ta karye a je kanti a sayo sabuwa, domin naira tana da daraja, kayan gyara kuma suna nan birjik.

Wannan yalwa ba ta daɗe ba. Daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da manomi, kasuwa ta koma hannun motocin Kwatano. Abin da a da ake yarwa ya zama abin lallashi, mutum ya riƙa kallon fitilar motarsa da lagiretonta kamar yadda makiyayi ke kallon idon saniyarsa. A nan ne tauraron mai walda ya haska, a nan ne kuma sunan Panteka, kasuwar da ke maƙwabtaka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada, ya kai ko'ina, domin wuri ne da ake shiga da tarkace a fito da injin niƙa, ko ƙofa, ko tukunya, ko bambar mota. Hujjar mai a-kori-kura ta ɗaura bambar ƙarfe kuwa a fili take, kuma ba ta da aibi: yana bin hanyar da ramuka suka cinye, yana tafiyar dare inda garken shanu kan ɓullo ba sallama, ya san cewa karo ɗaya da ɗan maraƙi ya isa ya fasa lagireto ya bar shi a daji da kayan mutane. Da Hilux ta kamfanin Toyota, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta karɓe filin daga hannun Fijo, ta zama motar 'yan kwangila da jami'an tsaro da manyan manoma, sai al'adar ta bi ta, ta kuma ƙara kauri. Har aka kai inda wasu ke ɗaura ƙarfen ba don daji ba, sai don kwarjini, motar da ba ta taɓa wuce Kawo ba a yi mata shirin da ya dace da mai ratsa dajin Kamuku.

To, a daidai shekarun da muke ƙara wa gaban mota tauri, masu ƙera ta suna can suna rage masa, kuma da gangan suke yi. Wani injiniya mai suna Béla Barényi, na kamfanin Mercedes-Benz, ya sami rajistar wata dabara a 1952, aka fara aiki da ita a motocin kamfanin a 1959: a ƙarfafa ɗakin da mutane ke zaune, a bar gaba da baya su zama masu lotsawa, domin idan aka yi karo, ƙarfen da ke murƙushewa ya tsawaita lokacin tsayawar motar, ƙarfin bugun ya ragu kafin ya isa ƙirjin direba. Wannan ba wani abu ba ne face lifidin Kanajeji da aka ɗinka da ƙarfe. Robar da muke gani a gaban motar zamani, wadda da yawa daga cikinmu ke ɗauka rowa ce ta kamfani, mayafi ce kawai. A bayanta akwai sandar ƙarfe da abin da aka tsara don ya murƙushe, akwai kuma na'urar da ke auna tsananin karo ta buɗe jakar iska a cikin ƙiftawar ido. Wanda ya kwance duk wannan ya lanƙaya dogo a madadinsa ya tsirar da fitila da lagireto a ƙaramin karo, amma a babban karo bugun da ƙarfe ya ƙi sha ba ya ɓacewa, shasi yake bi ya isa ga na ciki, jakar iskar kuma tana iya buɗewa a makare ko a lokacin da bai dace ba.

Wannan ga wanda ke cikin mota ke nan. Na waje kuwa, musibarsa ta fi girma, domin bambar roba takan lotsa ta ɗauke mutum ta kwantar da shi a kan murfin inji, shi kuwa bututun ƙarfe yakan tattara dukan a wuri guda, a cinya ko ƙugun babba, a ƙirji ko kan yaro. Ƙasashen da suka ƙididdige wannan sun ɗauki mataki: Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005 wadda ta hana sayar da irin wannan ƙarfe sai wanda ya ci jarrabawar kare mai tafiya a ƙasa, Indiya kuma ta umurci a cire shi daga motoci a watan Disamba na 2017. Hatta Ostareliya, inda al'adar ta yi ƙarfi saboda dabbar nan kangaru da ke faɗa wa motoci a hanyoyin daji, ba ta bar shi sakaka ba, ta sa masa ƙa'idar siffa, manyan masu ƙera shi kuma suna gwada shi da irin motar da za a ɗaura wa don kada ya rikita jakar iska.

Ba sai mun je Turai neman wannan ma'auni ba, yana cikin littafin da almajiri ke karantawa a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda malaman Malikiyya na ƙasar nan suka daɗe suna karantarwa, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai korarta da mai janta da mahayinta, ta kuma ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka damƙa musu. Idan mahayin doki bai kuɓuta daga alhakin kofaton dokinsa ba, alhali ba shi ya halicci kofaton ba, to ina ga wanda ya je da ƙafarsa, ya biya da kuɗinsa, ya ce a ƙera masa ƙaho a gaban abin hawansa? Fuƙaha'u sun kuma kafa ƙa'idar cewa ba a gusar da cuta da wata cuta irinta, balle wadda ta fi ta. Lagireto dukiya ce, ana mayar da ita, rai kuwa yana gaba da dukiya a jerin abubuwan da shari'a ta zo don kiyayewa. Ban faɗi wannan don in haramta abin da Allah bai haramta ba. Mai jigilar buhuna a hanyar daji yana da larura ta gaskiya, mai walda kuma halaliyarsa yake nema. Abin da nake cewa shi ne larura ana auna ta da gwargwadonta.

Saboda haka wanda ya ƙudura ɗaura wa motarsa bambar ƙarfe, ya kamata tambayarsa ta farko ta kasance ina motar take kwana kuma ina take yini, tun kafin ya tambayi kauri ko farashi. In rayuwarta duka tsakanin Malali da Kasuwar Barci da Kawo ce, cikin keke da babur da masu talla, to bambar kamfani ita ce mafi alheri gare shi da jama'a. In kuwa daji ne wurin aikinta, sai ya dubi nauyi, domin irin wannan ƙarfe yakan kai nauyin buhun siminti, kilo 50, ko ya zarce, kuma yana rataye ne a can gaban tayoyi, inda zai danne sifirin da shokozoba, ya cinye taya, ya ƙara shan mai, ya tsawaita tazarar da birki ke bukata. Faifan ƙarfe mai kaurin milimita 3 ko 4 da aka naɗe shi da hikima ya fi mai milimita 8 da aka laƙaba ba tsari, domin ƙarfin ƙira yana cikin naɗi da haɗi. Ya tabbatar da kusa da noti aka ɗaure ta a ramukan da kamfani ya tanada, kada ya yarda a yi walda a jikin shasi, saboda zafin wuta yana raunana shi, kuma abin da aka narka ba ya kwantuwa ranar da ake son gyara. Ya duba kada ta toshe wa lagireto iska, kada ta rufe fitila ko sigina ko lamba, kada ta ɗara murfin inji tsawo, kada ta fi motar faɗi. Ya sa hannu ya shafa kowace kusurwa, duk inda ya ji kaifi ko tsini ko ƙugiya mai leƙowa ya ce a goge ko a cire. Ya nemi a shafa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje kafin fentin ado, domin daminar Kaduna ba ta sassauta wa ƙarfe. In motar mai jakar iska ce, to kada ya ɗaura sai wadda aka ƙera musamman don irinta. Ya kuma dubi layin waldar da kansa: na gwani yakan tafi sumul bai ɗaya, na mai algus kuwa yakan yi ƙuraje da ramuka, a lulluɓe shi da fenti mai kauri don a ɓoye aibinsa, araha dai ba ta ado.

Shi ma mai walda akwai hakki a wuyansa, kuma a nan ne nake ganin tarihin sana'ar bai ƙare ba. Maƙerin zamanin da, in manomi ya zo neman garma, yakan tambaye shi irin ƙasar gonarsa, jigawa ce ko fadama, kafin ya sa ƙarfe a wuta. Wannan tambaya ita ce ilimin sana'ar, dukan ƙarfe kuwa kowa na iya koya. Jikansa mai rumfa a bakin titi ya gaji hannun, ya gaji haƙurin, ya gaji iya mayar da tarkace abin amfani, saura ya gaji tambayar. A Malali akwai Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke koyar da yara aikin hannu, a 'yan shekarun nan kuma, musamman zamanin da Farfesa Idris Bugaje ya shugabanci Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, an ƙulla alaƙa tsakaninta da masu sana'ar Panteka don a jarraba gwanintarsu a ba su shaida. Ƙarfe ɗaya ba ya amo: mai lissafi yana bukatar mai hannu, mai hannu yana bukatar mai lissafi. Ranar da suka zauna tare suka tsara bambar da ta dace da hanyoyinmu, mai tare saniya a daji, mai maɗaurai da ke lotsawa in karo ya yi tsanani, marar kaifi, marar nauyin banza, ranar ce Kaduna za ta sake zama abin da ta kasance a 1975, garin da ake zuwa koyon yadda ake haɗa mota.

Kafin wannan rana ta zo, akwai ma'auni guda da ba ya bukatar injiniya ko takardar shaida, kuma ina roƙon duk mai a-kori-kura a Malali ya gwada shi sau ɗaya. Ya tsayar da motarsa a ƙofar gida bayan sallar La'asar, lokacin da yara ke dawowa daga Islamiyya, ya kira ƙaramin ɗansa ko jikansa, ya ce ya tsaya a gaban ƙarfen, sannan ya ja da baya ya duba daidai inda bututun ya tsaya a jikin yaron. Abin da ya gani a wurin shi ne gwargwadon da aka umurci mai saƙa sulke ya kiyaye, kuma da shi ya kamata ya koma wurin mai walda. Allah ya tsare mu da abin da muke hawa, ya kuma tsare bayinsa daga abin da muke hawa.